Daga ƙofar gida zuwa mota: kurakuran masu fita da bindigar farauta a Saudiyya

Da zarar Satumba ta kama, zafi ya fara sassautawa a bayan gari, sai ka ji hirar samarinmu na Jidda da Makka ta koma kan fita daji. Wannan ya gyara mota, wancan ya sayo sabuwar saktun, wato bindigar iska kamar yadda ake kiranta a nan. Lokacin farauta da hukumar kula da namun daji ta ƙasa take sanarwa a 'yan shekarun nan yana farawa ne daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu. A cikin waɗannan watanni ne kuma ake yawan samun ɓacin rai tsakanin maƙwabta, kuma kusan kullum abin yana faruwa ne a 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da mota, ba a dajin ba.

Kuskure na farko, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne rashin bambanta sutura da ɓoyo. Sutura ita ce ka rufe makaminka don kada matar maƙwabcinka ta buɗe ƙofa ta yi arba da bakin bindiga, kada yara su taru a kanka, kada ɓarawo ya san abin da ke ɗakinka. Ɓoyo kuwa shi ne ka yi dabarar da hukuma ba za ta gane abin da kake ɗauke da shi ba. Na farko ladabi ne, na biyu laifi ne. Duk abin da zan faɗa a nan na mai takarda ne. Wanda ba shi da lasisi, babu jakar da za ta gyara masa lamari. Dokar makamai da harsasai da aka fitar a 1426 ta Hijira, wato 2005, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa wata 18, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 6,000, ko duka biyu, ga wanda aka samu da bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba. Lasisin kuma ma'aikatar cikin gida ce ke bayarwa, sharaɗinsa zama ɗan ƙasa. 'Yan'uwanmu Hausawa da kakanninsu suka zauna a Hijaz tun zamanin tafiyar ƙasa, suna riƙe da katin ɗan ƙasa, ƙofar a buɗe take gare su. Mai iƙama kuwa, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, abin da ya fi masa shi ne ya bi tawaga ya hura wuta, ya dafa shayi, ya bar makami a hannun mai shi. Bayan ɗauri akwai tarhil, wato a mayar da mutum ƙasarsa, kuma babu kurciyar da ta kai wannan tsada.

Akwai wani aron da muke yi wa juna saboda zumunci. Ƙane ya ce, “Yaya, ba ni saktun ɗinka zuwa Asabar.” Yayan ya ji nauyi ya miƙa. Lasisi da sunan mutum ɗaya yake, da lambar bindiga ɗaya. Ranar da aka tare ƙanen a hanya, su biyu ne za su amsa tambaya. Gyaran wannan ba ya buƙatar dogon bayani: ka ce masa, “Ka yi haƙuri, sai dai mu tafi tare.”

Ko masu lasisin ma da yawa ba su karanta abin da aka rubuta musu ba. Izinin mallaka daban, izinin ɗauka daban. Wanda aka ba shi na mallaka, bindigarsa ta zaman gida ce, in zai fita da ita sai ya nemi izinin tafiya da makami, ana kuma yin hakan ta Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida. Sannan lasisin bindiga ba shi ne lasisin farauta ba; wannan ta manhajar Fitri ake cirewa. Tarar farauta babu lasisi riyal 10,000 ce. Mai shozan kuma, bindigar nan mai watsa ƙananan dalma, ya sani cewa ko da takardunta sun cika, harbin tsuntsu da ita haramun ne a doka, tararsa riyal 100,000. Jami'an tsaron muhalli suna sintiri a daji, kuma kullum ana sanar da waɗanda suka kama. Kenan in ka ɗora shozan a mota tare da kayan farauta a lokacin farauta, kai da kanka ka rubuta wa kanka tuhuma.

Yanzu mu zo ga jaka, inda na fi ganin abin dariya da na takaici.

Wasu sukan naɗe bindiga a darduma ko bargo. Ba su lura cewa bargo ba ya ɓoye siffa. Abu dogo, siriri a gefe ɗaya, mai kauri a ɗaya gefen, ga mutum ya rungume shi yana waige-waige, ko yaro ya san ba sandar goge-goge ba ce. Ga shi bargo yana zamewa. Na taɓa gani da idona a benen da na zauna: wani bawan Allah yana saukowa, gefen bargon ya maƙale a ƙarfen bene, gindin bindiga ya leƙo daidai lokacin da wata tsohuwa take hawowa da jikarta. Salatin da ta saka ya fito da rabin mutanen gidan. Takardunsa lafiya lau, amma ya shafe mako yana bin ɗaki-ɗaki yana ba da haƙuri.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Su sayo jaka mai launin kakin soja, ga aljihuna birjik, ga tambarin kamfanin makamai ɓaro-ɓaro a jiki. Wannan ai talla ce. Wasu kuma, waɗanda suke ganin sun fi kowa wayo, sukan cusa bindiga cikin kwalin wani kaya dabam, ko ƙarƙashin kujerar mota, ko bayan tayar safaya. Garin neman gira a rasa ido. A idon askar, wato jami'in tsaron da ke shingen bincike, makamin da aka ɓadda wa kama kayan fasa-ƙwauri ne har sai ka tabbatar da akasin haka, kuma ko ka tabbatar, ranarka ta riga ta tafi.

Abin da ya dace mai sauƙi ne: akwatin bindiga na ainihi, mai kusurwa huɗu, baƙi ko ruwan toka, babu zane babu rubutu, mai wurin saka kwaɗo. Maƙwabci ya gan ka da shi, akwati ya gani. Jami'i ya tambaya, ka gaya masa gaskiya. Bindigar da ake iya raba ta biyu, a raba ta kamar yadda kamfaninta ya tsara, akwatin ya gajarta, ya shiga lif ba tare da ka buge kowa ba. Kuma a ciki ta zama babu komai a cikinta, an duba da ido, an sake dubawa. Harsashi ko dalma a wata jaka dabam. Masu saktun suna raina wannan, wai ai iska ce. Irin ta zamani mai tulun iska ana cika ta har ta kai ma'aunin matsi 200 ko fiye, tana huda abin da ba ka zata ba, ido kuwa ba ya da na canji.

Ba sabon ladabi ba ne wannan. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. A Muslim kuma an ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku suna la'antarsa har ya daina, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wasan nuna wa aboki bindiga a istiraha, wato gidan shaƙatawa, “ai babu komai a ciki” ya shiga nan kai tsaye.

Lokacin fita ma ana kuskure a kansa. Mutum ya ce zai jira ƙarfe 2 na dare, kowa ya yi barci. A unguwanninmu wa yake barci ƙarfe 2? Kuma ko an yi, wanda ya leƙo ta taga ya ga mutum yana saɗaɗawa da dogon kaya a wannan lokaci, 911 zai kira, kuma bai yi laifi ba. Ɗayan kuskuren shi ne fitowa daidai tashin makaranta ko fitowa daga sallar Juma'a, titi cike. Ka zaɓi lokacin da ka saba fita, ka matso da mota bakin ƙofa, ka fara loda tanti, tulun gas, jarkokin ruwa da kayan shayi, akwatin ya bi sahu a matsayin ɗaya daga cikin kaya, ka rufe but. Ka yi sallama ga wanda ka haɗu da shi kamar kullum. Idan dattijon da ke zaune a ƙofa ya ce, “Ina zuwa haka, ɗana?” ka ce, “Daji za mu, Baba, a yi mana addu'a.” Shi kenan. Ƙarya ce ke jawo tambaya ta biyu.

Ga mutanen Makka da Madina akwai ƙarin nauyi. A Muslim, Jabir ya ruwaito cewa bai halatta ga kowa ya ɗauki makami a Makka ba, kuma ƙa'idojin dokar ƙasa sun hana ɗaukar makami a harabar Harami biyu, da masallatai, da ma'aikatun gwamnati, da makarantu, da tarukan jama'a, da wuraren biki, da kusa da wuraren soja ko na man fetur. Saboda haka tafiyar ta zama daga gida zuwa inda aka ba ka izini, ba tsayawa ɗaurin aure a hanya, ba “bari in leƙa ofis minti biyar”. Farauta kanta haramun ce a cikin iyakar Harami, wannan ko ɗan Islamiyya ya sani. Mutanen Jidda kuma su tuna an hana farauta a gaɓar teku har kilomita 20 zuwa cikin tudu, da cikin gari, da gonakin mutane, da gandun da aka keɓe.

A shingen bincike, irin na Shumaisi a hanyar Jidda zuwa Makka ko wani, kada ka jira a gano. Ka sauke gilashi, hannunka a kan sitiyari, ka ce akwai bindiga mai lasisi a but, ga takardu. Kada ka fita ka buɗe sai an ce ka buɗe, kada kuma ka kai hannu cikin akwatin don nuna taimako. Wanda ya zo wanka ba ya ɓoye cibi.

Barin ta a mota kwana da kwanaki don gudun hawa bene da ita wani kuskure ne da lalaci ke haifarwa. Zafin mota a rana yana ƙara matsin tulun iska, yana lalata robobin ciki da madubin hange. Damshin Jidda kuma yana maƙalewa a soson akwati, bayan mako biyu ka buɗe ka ga tsatsa. Uwa uba, in aka fasa motar, bindiga mai sunanka ta shiga duniya. Ka shigo da ita, ka goge da mai, ka kulle a akwatin ƙarfe, makulli ba inda yara suka sani ba. Idan ta ɓace ko aka sace, a ranar za ka kai rahoto ga 'yan sanda.

Sai abin da ya fi ba ni mamaki. Mutum ya yi duk wannan taka-tsantsan, akwati baƙi, mota a bakin ƙofa, babu wanda ya lura. Ya isa daji ya ɗaga waya, ya saɓa bindiga a kafaɗa, ya ɗora a Snapchat da TikTok, lambar motarsa tana bayansa. Kafin ya dawo, mai gadin gidan ya gani, yaran unguwa sun gani, wanda ke neman gidan da zai shiga ya gani. Ma'aikatar cikin gida kuma takan sanar da kama mutanen da suka yi fankama da makami a kafafen sada zumunta, kuma daga bidiyon nasu ake gane su. Wani ƙanena da na yi wa wannan faɗan ya ce ai abokansa kawai ke gani. Na tambaye shi su nawa ne. Ya duba wayar, ya yi shiru, ya goge.