Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa mutum lura da tunaninsa

Ƙannena masu koyon aikin ba da shawara a nan Maraɗi, na gaji da nanata magana ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya, shi ya sa na rubuta ta.

Dattijo ya zauna ya ce, "Ni dai ba ni da sauran amfani." Kafin ya rufe baki kun tare shi da "Haba Baba, cire wannan a ranka." Ai da abin yana ciruwa, da bai biya ɗan kabu-kabu ya kawo shi ba. A 1987 Daniel Wegner ya gwada wannan a Amurka: ya hana mutane tuna wata farar dabba, ya ce su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba tuna ta. Hanyar ACT, wata hanyar jinyar damuwa ta hanyar magana wadda Steven Hayes ya faro a shekarun 1980, ba ta ce a kori tunani ba, cewa ta yi a gan shi a matsayin tunani. Ni abin da nake yi, in sa Baba ya maimaita a hankali: "Na lura zuciyata tana ce mini ba ni da amfani." Sai in yi shiru, in bar shi ya ji tazarar da ke tsakaninsa da tunanin da kansa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne auna nasara da tafiyar tunanin. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, na daɗe ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta buɗe baki. Na haɗa ta da wani mai koyo. Duk zuwanta tambayarsa ɗaya ce: "Inna, tunanin ya tafi?" Ta ce bai tafi ba, ya ce ta ƙara ƙoƙari. Ta ɗauka nan ma ta kasa, ta daina zuwa. Wallahi har yau abin yana ci na. Kai wa ya ce maka zai tafi? Ka tambaye ta ko ta fita da farantinta ranar kasuwa duk da tunanin, ko ta je sunan maƙwabta. Nan ake ganin aiki.

Kuma ku daina cewa komai "tunani ne kawai". Matar da ake duka ta ce tana tsoron komawa gida, wannan labari ne ta ba ku, a nema mata mafaka. Wanda ya ce zai kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Misalin da kuka haddace na kallon tunani yana wucewa kamar ganye a kan ruwa bai dace da nan ba, don Gulbin Maraɗi a bushe yake da rani. Ni manyan motocin hanyar Ɗan Isa nake ba su: ka zauna bakin titi ka ga wucewarsu, ba dole ka hau ba.

Maimaita kalmar da ke damun mutum da sauri na daƙiƙa 30 yana rage mata nauyi, amma kada ku yi shi da sunan mamaci. Wajen zaman lura da tunani, wanda rufe ido ke firgita shi, ya kalli tabarma. Minti 3 ya ishi mai farawa. Mai cewa waswasi ne, kada ku yi masa gardama, ku yi aiki da kalmarsa.

Ku ma ku gwada a kanku kullum kafin ku buɗe ƙofa. Ni bayan sallar asuba nake yin nawa.