Darasi na Bakwai: Mayen Ƙarfe a Bakin Murfi

A gidajenmu akwai abubuwa da dama da ke rufuwa ba sakata, ba kwaɗo, ba makulli. Ka tura ƙofar firji, ta kame. Uwargida ta mayar da murfin jakar hannunta, ka ji ƙas. Ƙofar kabad ɗin kwanuka ma haka, da ɗan akwatin da ake saka tabarau ko turare. Abin da ke yin wannan aiki shi ne maganaɗisu, wanda muka fi sani da mayen ƙarfe. Sunan maganaɗisu daga Larabci muka aro shi, su kuma Larabawa daga Girkanci. Amma sunan da Bahaushe ya raɗa masa ya fi faɗin gaskiyarsa, domin da ya ga ƙarfe sai ya kama.

Kusan kowa a ajin nan ya taɓa wasa da shi yana yaro. A fasa lasifikar tsohuwar rediyo, a ciro baƙin zoben nan, a ɗaura masa zare a riƙa ja cikin ƙasa yana kwaso ƙusoshi. Tela na tsince allurai da shi. Ɗan gwangwan kuwa da shi yake cin abinci: ya ɗora a kan kaya, in ya kama ƙarfe ne, in ya ƙi to alminiyom ne ko tagulla, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Ke nan ba kowane abu mai ƙyalli yake kamawa ba. Yana kama baƙin ƙarfe da abin da aka yi da shi, kamar ƙusa, da gwangwanin madara, da kwanon samira, don a ƙarƙashin fentin samira ƙarfe ne. Ba ya kama tukunyar alminiyom, ba ya kama wayar tagulla, balle katako ko roba. Kwanukan silba kuwa iri-iri ne, wani ya kama, wani ya ƙi. Wanda zai sa wa akwati irin wannan marufi sai ya fara gwadawa.

Kowane maganaɗisu yana da fuska biyu, masana suna kiran ɗaya arewa, ɗaya kudu. In ka haɗa arewa da kudu sai su rungumi juna. In ka haɗa arewa da arewa sai su ture juna, ko ka matsa da ƙarfi za ka ji suna zillewa. Ko ka karya shi gida biyu, kowane ɓari zai fito da arewarsa da kudunsa.

Yanzu mu dubi na kabad, wanda kafintoci ke saye a Sabon Gari. Abu biyu ne a cikin ledarsa. Na farko ɗan gida ne na roba, a cikinsa an sa maganaɗisu tsakanin faifan ƙarfe biyu sirara, bakunansu sun ɗan leƙo waje. Na biyu falle ne na ƙarfe zalla. Gidan robar ana ɗaure shi a jikin kabad, fallen kuma a jikin ƙofa. Faifan nan biyu ba ado ba ne. Su ke tattaro ƙarfin maganaɗisun daga fuskokinsa biyu su kawo shi bakinsu, sai fallen ƙofa ya zo ya haɗe su. Shi ya sa ɗan ƙaramin abu yake riƙe ƙofa mai faɗi. In ka taɓa faifan za ka ji suna ɗan motsi. Kada ka ce ya lalace, da gangan aka bar su haka don su daidaita kansu da fallen ko da ƙofar ta ɗan karkace.

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Ƙarfin mayen ƙarfe a kusa yake. Da an sami 'yar tazara, ƙarfin ya faɗi warwas. Mu gwada: ku ɗora shi a kan gwangwani ku ja, ku ji nauyin. Ku sa takarda ɗaya a tsakani ku sake ja. Ku ƙara takardu har goma. Kafin ku kai kaurin kwali, yaro ma zai cire shi da yatsa biyu.

Wata ɗaliba a ajin mata ta ce min, "Malam, na kabad ɗina ya mutu, sai dai a sayo sabo." Na ce, "Hajiya, kafin ki kashe kuɗi, ki goga alli a bakin faifan, ki rufe ƙofar, ki buɗe ki duba fallen." Da ta dawo ta ce allin bai taɓa fallen ba ko kaɗan. Ashe damina ce ta sa katakon ƙofar ya kumbura ya lanƙwashe, maganaɗisun lafiyarsa ƙalau. Sukundireba kawai aka sa aka sassauta noti, aka matso da gidan robar gaba kaɗan, aka ɗaure. Ramukan notin dogaye ne saboda wannan gyaran.

Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu haka suke. Wani fenti aka shafe fallen da shi ya yi kauri. Wani tsatsa ce, sanfefa za ta gyara. Wani maiƙo da ƙurar hunturu ne suka daskare a kai. Wanda shagonsa ke kusa da masu walda ko maƙera zai ga baƙin gari ya taru a baki kamar gashi, garin ƙarfe ne. Tsumma ba ya kwashe shi sosai, amma in ka manna salatef ka ɗaga zai biyo.

In za ka sa sabo, ka sa shi nesa da hinji, can gefen da hannu ke kamawa. Kusa da hinji ba ya riƙe komai. Kuma in maganaɗisu biyu za ka haɗa, ɗaya a murfi ɗaya a jikin akwati, ka bari su kama juna tukuna, ka yi wa bayan kowanne alama da biro, sannan ka sa gam a wajen alamar. Na taɓa ganin wanda ya manna ba tare da ya duba ba. Gam ya bushe, murfi ya ƙi zama, yana rufewa yana ɗagowa.

Na jaka, irin wanda dukawa ke sawa a jakunkunan fata da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, dabararsa daban ce. Ɓari ɗaya yana da rami a tsakiya, ɗayan yana da ɗan tsinin da ke shiga ramin. Dalili shi ne mayen ƙarfe yana da taurin kai in ka ja shi kai tsaye, amma in ka zame shi gefe sai ya saki cikin sauƙi. Tsinin ne ke hana zamewar.

Na firji kuwa ba a ganinsa, yana ɓoye cikin robar da ta zagaye ƙofa. A da firji sakata gare shi, ba ya buɗuwa daga ciki, yara suna shiga wasan ɓuya su mutu. A 1956 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a riƙa yin ƙofar da za a iya turewa daga ciki, daga nan wannan robar ta bazu. Don ka san ko taka tana kamawa, ka sa takardar kuɗi a bakin ƙofar ka rufe ka ja. In ta zare ba wata turjiya, sanyi na fita ta nan. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan asara ce babba, musamman ga mai sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ka wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, in ta tsage a canja.

Iri biyu za ku fi gani a kasuwa. Baƙin nan irin na lasifika yana da araha, ba ya tsatsa, yana jure zafi. Ɗayan ƙarami ne mai ƙyalli kamar azurfa, ana kiransa niyodimiyom, an ƙirƙiro shi a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980. Ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma irin na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa in zafi ya wuce digiri 80, kuma ba ya dawowa. Kada a sa shi a murfin da ke kusa da murhu. Yana kuma fashewa in biyu suka haɗu da ƙarfi, yana matse fatar yatsa.

Shi wannan mai ƙyallin ne nake jin tsoro a gidan da ke da ƙananan yara. In yaro ya haɗiye biyu, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, za su iya kama juna ta cikin hanji su huda shi. Ba a jira, ba a ba shi jiƙo, asibiti za a nufa nan take, a kuma gaya wa likita abin da ya haɗiya. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya nisanta shi da ƙirjinsa, aƙalla santimita 15. A raba shi da baƙin layin da ke bayan katin banki. Mai duba alƙibla da kamfas ya matsa daga inda yake, don zai karkatar da allurar.

Kuma kada a ɗora masa aikin da ba nasa ba. Yana hana murfi buɗewa da kansa, amma ba ya hana ɓarawo, ba ya hana yaro mai wayo. Akwatin kuɗi da wurin ajiye magani ko fiya-fiya kwaɗo suke so.

Aikin gida: kowa ya nemi abu uku a gidansa da ke rufuwa da mayen ƙarfe, ya rubuta sunayensu a littafinsa. Wanda ya sami wanda ba ya kamawa, ya yi gwajin alli, ya zo mana da labari ranar darasi na gaba.