Yadda ake haɗa shirin barkwancin dare a Gusau

Tsarin da yawancin tashoshi ke bi ya fito ne daga The Tonight Show na tashar NBC a Amurka. Steve Allen ya fara shi a 1954, Johnny Carson kuma ya riƙe shi daga 1962 zuwa 1992. Tsarin shi ne mai gabatarwa ya fito a tsaye ya yi raha kan labaran ranar, ya koma teburi, sannan ya karɓi baƙi. Da waya biyu da makirfo mai kyau za a iya yin irinsa a Gusau, a saka a Facebook ko YouTube.

A fara da rubutu. Shirin minti talatin yana buƙatar buɗewa ta minti biyar kacal. Mutum uku su zauna da safe su rubuta barkwanci arba'in kan abin da gari ke magana a kai, kamar kuɗin mai, wutar lantarki da farashin masara, a tace a bar goma sha biyu. Kowanne jimla biyu ne: ta farko ta faɗi labarin yadda yake, ta biyu ta karkatar da shi. Kalmar da ke kawo dariya ta zo a ƙarshe. In ta zo a tsakiya, dariyar jama'a za ta danne sauran maganar.

Wasan Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Yarbawa yana ci sosai, amma sai wanda ake tsokana yana wurin yana ramawa. Addini da mutanen da rashin tsaro ya shafa kuwa, kada a taɓa su ko kusa.

A ɗauka bayan la'asar, a saki da dare. Shi ma Carson da yamma ake ɗaukar nasa. 'Yan kallo ashirin zuwa talatin sun isa, a zaunar da su kafaɗa da kafaɗa a ƙaramin ɗaki, domin dariya ba ta yaɗuwa in mutane sun warwatsu. A rataya musu makirfo nasu daban, janareta kuma a kai shi nesa, a jawo wutar da doguwar waya. Mai gabatarwa ya jira dariya ta fara lafawa kafin ya ci gaba. Sababbin shiga a nan suke ɓata wasa, don shiru na ɗan lokaci yana tsorata su.

Sai batun kuɗi, inda ya kamata a yi hattara. Bayan da jihar Nevada ta Amurka ta halatta caca a 1931, gidajen cacar Las Vegas suka riƙa ɗauko mawaƙa da 'yan barkwanci don su jawo jama'a, in an tashi daga kallo a wuce teburin caca. Lissafin kuwa na mai gida ne: faifan rulet na Amurka, wato faifan cacar da ake juyawa ƙwallo ta faɗa ramin wata lamba, ramuka 38 ne da shi, amma wanda ya ci lamba ɗaya ninki 35 ake biyan sa, wato gida na riƙe kusan kashi 5.26 cikin ɗari na abin da aka zuba. Yau manhajojin bet ne ke neman masu barkwanci da wannan manufa. Caca haramun ce, kuma shari'ar da Zamfara ta fara aiki da ita a 2000 ta hana ta. A nemi talla wurin masu sayar da taki, atamfa ko waya, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa babu lambar talla ko mahaɗin wani gidan bet da za a liƙa a ƙarƙashin bidiyon.