Yadda ake killace kurmin da ya cushe domin kiwon awaki a kewayen Kumasi

Mutanenmu da yawa na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi sun karɓi fili a wajen gari, ta hanyar Offinso ko Mampong, suka bar shi har kurmi ya cinye, sannan suka yi shawarar zuba awaki a ciki. Shawarar tana da kyau, domin akuya ta fi son ganyen sama a kan ciyawar ƙasa. Sai dai na sha ganin sababbin masu kiwo suna kashe kuɗinsu wajen tsayin shinge, alhali gajerun awakin kurmi ta ƙasa suke sulalewa.

Kafin a sari ko reshe ɗaya, a zaga iyaka tare da wakilin sarkin ƙauyen da maƙwabta masu gonar rogo ko koko. Daga nan a share hanya mai faɗin mita 2 da adda, bisa layin iyakar kawai. Cikin filin kada a taɓa shi, aikin awaki ne, in ban da ciyawar nan da ake kira Acheampong, wadda ba su damu da ita ba kuma take danne sauran tsiro. Ita a tumɓuke ta tun daga saiwa. A yi wannan aiki tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa kuma ana iya ganin maciji daga nesa.

Dirkoki na itacen tik (teak) nake amfani da su, kuma ban yarda da wani ba. A babbake gindin kowace, a shafa baƙin mai saboda gara, a binne rabin mita, a bar mita biyu da rabi tsakaninsu. Na kusurwa su fi kauri, a kuma tokare su. Kada a buga waya a jikin bishiya mai rai don gudun kashe kuɗi, domin bishiyar za ta haɗiye wayar tana girma. Waya mai ƙaya ita kaɗai ba ta tsare akuya, sai dai ta yage mata hantsa. A sayi ragar waya mai tsayin mita 1.2, mai ƙananan idanu yadda kai mai ƙaho ba zai shiga ya maƙale ba.

Gindin raga shi ne ya taɓa ja mini asara. Ƙasar kurmi ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, cike take da saiwoyi da kututture da ƙananan kwari da busasshen ganye ya rufe. Na ja ragata a miƙe, na ga ta yi kyau, ban lura ta tsallake wata hanyar ruwa ba. Da ruwan Afrilu ya sauka ya kwashe ganyen, sai ga rami wanda tafin hannu biyu za su shige. Bunsuru ya fara bi, sauran suka bi shi, suka yi wa rogon maƙwabcina ƙarƙaf kafin azahar, na biya shi, kuma akuya biyu suka kwana da kumburin ciki saboda ɗanyen ganyen rogo. Tun daga ranar nake haƙa ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya a tsawon layin gaba ɗaya, in saka gindin ragar a ciki, in mayar da ƙasa in daddaƙe. Inda ruwa yake bi kuwa, a kafa gajerun turaka kusa da juna, a jera duwatsu a bayansu, ruwa ya wuce akuya ta tsaya. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a bi layin da ƙafa ana duba ƙasa, har cikin damina ta biyu ta Satumba zuwa Nuwamba.

Ƙofa a ba masu walda na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, su haɗa ta ƙarfe da sakata. A kafa rumfa mai dandamalin katako sama da ƙasa saboda laima, a ajiye ruwa da gishirin lasa, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya yi musu allurar rigakafi kafin a sake su, kuma a fara da kaɗan har a ga ƙarfin ganyen filin.