Yadda za ka haddace kalmomin rawa a yaren Koriya

Fara da Hangul, wato rubutun Koriya, kafin komai. Haruffa 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma mako ɗaya ya isa ka iya haɗa su. Rubutun boko yana ruɗa mai koyo: "eo" wasali ɗaya ne, kusa da "o", ba biyu ba.

Rawa ita ce chum, yin ta kuma chuda. Anmu tsararriyar rawa ce irin ta mawaƙan zamani, talchum kuwa ta gargajiya ce da ake rufe fuska, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 2022.

Ƙidayar taku ta fi komai amfani, don haka ka tashi tsaye ka koye ta da ƙafa: hana, dul, set, net, daseot, yeoseot, ilgop, yeodeol, wato ɗaya zuwa takwas. Taku takwas, minti goma kullum. In ta zauna, ƙara oenjjok, hagu, da oreunjjok, dama, sai dasi, wato a sake.

Ga inda ake yawan tuntuɓe: chwoyo na nufin ina rawa, chuwoyo kuma ana sanyi. Ka ja wasalin kaɗan, sai a ɗauka hunturun Kaduna kake kuka da shi. Naɗi muryarka a waya, ka gwada da ta ɗan ƙasar.