Idan Karenka Ya Cuɗanya da Mai Distempa

Karen gadin maƙwabcina a Anguwar Rogo ya kama tari, idonsa duk kwantsa, alhali kwano ɗaya suke sha da ɗan kwikwiyona. Likitan dabbobi ya ce distempa ce, wata cutar karnuka mai yaɗuwa.

Idan haka ta same ka, fara killace naka, domin ta tari da majina take yaɗuwa. Wanke kwano da makwancinsa da ruwan bilic. Zazzaɓi kan zo cikin kwana 3 zuwa 6 bayan kamuwa, amma kakkarwa da farfaɗiya sai bayan makonni, don haka kar ka saki jiki da wuri. Ya ƙi abinci? Garzaya wurin likita, ka bar jiƙe-jiƙe.

Nawa ya tsira, don tun yana sati 6 aka fara masa rigakafi.