Kurakuran da aka fi yi a tarihin Sarauniya Ranavalona ta Madagaska

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. Mutum zai ce "Ranavalona" ya wuce abinsa, alhali mata uku ne suka yi sarauta da wannan suna. Ta farko ta hau gado a 1828 bayan rasuwar mijinta, Radama na Ɗaya, ta riƙe mulki har ta rasu a 1861. Ta biyu ta yi daga 1868 zuwa 1883, ita ce ta karɓi Kiristanci har ta sa aka ƙona gumakan gidan sarauta. Ta ukun ce Faransawa suka tuɓe a 1897, ta rasu a Aljeriya a 1917. Na sha ganin an ɗauki hoton ta ukun an liƙa shi a kan labarin kashe-kashen ta farko, abin yana ƙona mini rai, domin an ɗora wa baiwar Allah laifin da aka yi tun ba a haife ta ba. Gyaran ba wuya: duk inda ka ambaci sunan, haɗa da lamba da shekara.

Masu cewa ta farkon ta mallaki tsibirin kaf su ma sun zarce. Sarauniyar Merina ce, wato masarautar da ke tsaunukan tsakiyar tsibirin, fadarta tana Antananarivo, kuma yankuna da dama a yamma da kudu ba su taɓa shiga hannunta sosai ba.

Babban kuskuren shi ne a kira ta mahaukaciya a rufe magana. Kafin ka maimaita wannan, tambayi kanka wa ya rubuta labarin. Yawancinsa ya fito ne daga alƙalamin 'yan mishan da sauran Turawan da ta takura wa ko ta kora. Matar da sojojinta suka fatattaki harin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a garin Toamasina na bakin teku a 1845, ta kuma bankaɗo makircin wani Bafaranshe mai suna Joseph Lambert na kifar da ita a 1857, ta san abin da take yi. Ba kuma duk abin Bature take ƙi ba. Wani Bafaranshe, Jean Laborde, da jirginsa ya tarwatse a gaɓar tekun ƙasar, shi ta sa ya kafa masana'antu a Mantasoa, ana ƙera bindigogi da igwa, ana yin albarushi da sabulu. Fasaharsu take so, hannunsu a cikin mulkinta ne ba ta yarda da shi ba.

To amma wasu, don jin haushin mulkin mallaka, sai su wanke ta tas. Wannan ma ba gaskiya ba ne, kuma ya fi damuna, saboda waɗanda suka mutu 'yan ƙasarta ne. Masana'antun nan da aikin tilas suka tsaya, wanda ake kira fanompoana. Shari'a kuwa da tangena ake yanke ta, wani abu mai kama da shan gwaska: a ba wanda ake zargi guba da fatar kaza guda uku ya haɗiye, in bai amayo su duka ba ya zama mai laifi. Ta haramta wa talakawanta Kiristanci a 1835, aka soke wata mata mai suna Rasalama da mashi a 1837, a 1849 kuma aka jefo wasu Kiristoci daga kan dutsen Ampamarinana. In za ka rubuta nasarar Toamasina, rubuta sunan Rasalama a shafi ɗaya da ita.